Ciwon Gidanmu

Litinin, 7 ga Yuni, 1999

Yau dai likita ya raɗa wa ciwon suna, bayan wata biyar ina zarya tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da asibitin koyarwa. Wai Kuron. Kumburin hanji ne, ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani. Ya tambaya ko akwai mai irinsa a danginmu. Na ce babu. Ni sunan ma yau na fara jin sa.

Laraba, 9 ga Yuni

Bayan gida sau bakwai, da jini. Na bar ɗalibaina a aji suna ta ihu. Maigida kuwa kunnensa na kan rediyo, wai soja sun tafi, komai zai gyaru. To, Allah ya sa har da cikina.

Lahadi, 13 ga Yuni

Na je Tarauni gaida Inna, mahaifiyata. Ina faɗa mata ta ja tsaki. "Wane Kuron? Basir ɗin gidanku ne, Huraira. Shi ya tafi da babanki, shi ya mai da gwaggonki Binta kamar sillen kara." Ikon Allah! Ashe ƙarya na yi wa likita? Ko ba ƙarya ba ce, tunda sunan daban? Kaina ya ɗaure.

Yarinyar ta kawo min ruwa. 'Yata ta fari, wadda Inna ta ɗauka tun yaye. Shekararta sha huɗu, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa nuna na damu da ita a gaban mutane ba. Haka aka san uwa mai kunya da ɗan fari. Amma na ga hannun da ya miƙo kofin. Ƙashi ne zalla.

Juma'a, 18 ga Yuni

Na koma na gyara maganata. Likita ya ce ciwon yana bin jini, amma ba dole ya kama kowa ba. Na ce to gado ne ko ba gado ba? Ya ce duka biyun. Wannan wace irin amsa ce, don Allah? Da ya ji ni da maigida 'ya'yan wa da ƙane ne, sai ya ajiye biro ya tambayi lafiyar yara. Na ce lafiya lau. Ban lissafa da ita ba. Baki ya saba.

Asabar, 26 ga Yuni

Ashe sati uku yarinyar na zawo, Inna na ɗura mata jiƙon basir. Na yi ta maza na ce ko a kai ta asibiti. Inna ta ce, "Au, yau kuma ke ce mai 'ya? Rashin kunyar har ta kai nan?" Maigida ya ce in bari, kada a ce mun raina riƙon Inna. Wallahi tsoro nake ji. Baba bai kai hamsin ba.

Lahadi, 27 ga Yuni

Sau biyu ina sa mayafi ina cirewa. Ban je ba.

Alhamis, 1 ga Yuli

Ba da niyya ba ne, hanya ce ta biyo da ni ta makarantarsu. Na ce wa shugabar makarantar Inna ce ta aiko ni in tafi da yarinyar. Allah ya yafe min.

Muka hau bas. Muna isa asibiti ta zauna a benci ta dafe ciki, ni na shiga layi. Mai yankan kati ya ce, "Sunan mara lafiya?" Na waiga in ga wa zai amsa. Babu kowa sai ni. Na faɗa can ƙasa, ya ce bai ji ba. Na ɗaga murya. Sai na ga ta ɗago kai daga bencin tana kallona.

Mai katin ya ce, "Ke mece ce ɗinta?"

Shi ma na faɗa.

An ɗebi jini da bahaya, sakamako sai Litinin. Ban san me zan ce wa Inna ba, ban ma san ko daidai na yi ba.

'Yata Mufida ta sha kunu rabin kofi. Tana ɗakina.