Hoton da Na Fitar daga Ɗakin Ibada

Yaya,

Ina gaishe ka ƙwarai. Ya jikin Inna, ya ƙafar Baba? Ka ce musu ina nan lafiya lau, har ƙiba na yi.

Kai kaɗai zan faɗa wa gaskiya: na jawo wa kaina. A asibitin da nake wanki, ɗakin ibada ɗaya ne na kowa da kowa, kuma doka ce ba a taɓa kayan wani. Ranar Talata na shiga sallar azahar, na tarar da kyandir da hoton wani tsoho daidai alƙibla. Raina ya ɓaci, na kwashe su na ajiye a bakin ƙofa. Mai shara ya zo ya haɗa da su.

Ashe hoton mahaifin shugabar sashenmu ne, marigayi, kuma hoton kaɗai ta fito da shi daga ƙasarsu. Ita ce fa ta tsaya min har aka bar ni ina fita sallar Juma'a.

Jibi zan tsaya gaban kwamitin ladabtarwa na asibitin. In aka kore ni, takardar izinin zamana a ƙasar nan ta mutu. Na zazzage buhun shara goma sha ɗaya, ban ga hoton ba.

Jiya shugabar ta same ni a bakin injin wanki. Ko murya ba ta ɗaga ba, cewa kawai ta yi, "Da ka matsar da shi gefe, ai ɗakin ya ishe mu."

Don Allah ka sa Inna ta yi min addu'a. Ba ta aikin ba, Yaya. Ta roƙa min in ga hoton nan.

Ƙaninka