Akwatin Ɗakin Sanyi

Talata Mafara, Alhamis

Ƙanena Misbahu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka a Sakkwato. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Tunda aka katse sabis a jihar nan ba ni da hanyar jin muryarka, shi ya sa na ba Dikko direba wannan takarda.

Ka tuna ɗakin sanyin da ƙungiyar mahauta ta saya, wanda mijina Rabi'u yake kula da shi? Akwatin da ke sarrafa shi ya fara nuna jan rubutu. Ashe an yi shi ne yadda sai ya riƙa gaisawa da kamfaninsu ta intanet. In ya daɗe bai ji su ba, zai kashe injin da kansa. An rufe kasuwannin mako, an hana safarar shanu, naman da ke ciki shi ne abin da ya rage wa gidaje da yawa.

Rabi'u ya ce zai kwance akwatin ya kai shi wani tudu bayan Dakko, inda ake cewa sabis na tsallakowa. Ba a iya aikawa da shi wurinka, don mota ba ta zuwa ta dawo rana ɗaya yanzu, nama kuwa ba zai jira ba. Misbahu, ka san abin da ke faruwa a hanyoyin dajin nan.

Lokacin da ka nuna wa mahautan ƙaramin allon lantarkin nan da zai iya maye gurbin akwatin, mai buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya karanta cikinta ya gyara, Sarkin Fawa ya tambaye ka wa za su kama in ya lalace. Ban ga laifinsa ba, don lokacin da akwatin kamfanin ya taɓa tsayawa sun turo mutum ya gyara. Amma yau ga shi lafiyarsa lau, kuma ba wanda ya isa ya ce masa ya ci gaba da aiki.

In allon yana wurinka, ka ba Dikko, tare da bayanin haɗa shi dalla-dalla.

Yayarka,
Hafiza

Talata Mafara, Asabar

Misbahu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ban sani ba ko ta farko ta same ka. Rabi'u ya tafi da safe, akwatin naɗe cikin buhun gero. Ya ce kafin azahar yana gida. Yanzu an yi la'asar.

Na je makaranta na koyar da darasin Asabar, amma sau biyu ina rubutu a allo in manta abin da nake rubutawa. Ɗalibata Taiba ce ta tashi ta ƙarasa mini. Wata mata daga Maradun ta ce an tare mutane jiya ta wajen Faru. Na san ba hanyarsa ba ce, amma zuciyata ba ta san taswira ba. Duk babur ɗin da ya wuce ƙofar gida sai na miƙe. Ban gaya wa Inna ba.

Ka sa shi a addu'a.

Hafiza

Talata Mafara, Talata

Ƙanena abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka.

Rabi'u ya dawo ranar Asabar ɗin daf da magariba, a ƙafa, ba babur, ba takalmi. Ya hango 'yan bindiga daga nesa, ya yar da babur ɗin ya kwanta cikin dawa rungume da akwatin har suka wuce. Bai ba ni labarin ba sai da ya sha ruwa kofi uku. Akwatin ya samu sabis, ya karɓa, injin ya tashi kafin naman ya juya. Sai dai jiya jan rubutun ya fara dawowa, kuma na ga Rabi'u yana duba buhun geron.

Na kwana biyu kan bayaninka tare da 'yan ajina. Mun gwada allon a tsohon firij ɗin makaranta, ya yi sanyi har Taiba ta sa hannu ta yi ƙara. Da ka ga fuskokinsu da ka ji daɗi. Amma na fahimci gargaɗinka: in muka juya waya ɗaya a babban injin zai ƙone, kamfanin kuma zai zare hannunsa har abada. Wannan ma yana ba ni tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Yau da safe na je gidan Sarkin Fawa na durƙusa na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya maimaita tambayar da ya yi maka, wa za su kama in ya lalace. Na ce masa ni. Gidana yana bayan mayanka, ba sai an ratsa daji kafin a same ni ba. Sai ya aika a kawo makullin ɗakin sanyin.

Gobe bayan sallar asuba za mu haɗa allon da babban injin. Ka sa mu a addu'a. Buhun kuwa na zuba masa gero na ɗinke bakinsa.

Ka gaida kowa da kowa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Hafiza