Wanda Ya Faɗa wa Likita

Al Muraqqabat, Dubai
1 ga Disamba, 2018

Zuwa ga Asama'u tawa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Haidar. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta da jiki.

Kaina a ɗaure yake, shi ya sa na ɗauki biro. Asibitinmu ya tura ni gasar zari-ruga, in riƙa yi wa wata ƙungiya daga Ireland gashin ƙashi. Har yau ban gane kan wasan ba. Ƙwallo kamar gwanda, ƙarti na ta kokawa a kanta, kuma wai baya ake jefa ta. Kada ki yi dariya.

A cikinsu akwai Lorcan, ɗan shekara ashirin, mai gudu kamar an koro shi. Wakilan wata babbar ƙungiyar ƙasarsu sun zo takanas don su gan shi a wasan ƙarshe. In ya burge su, ya samu aiki ke nan.

Da hantsi aka gwara masa kai. Likita ya duba shi ya ce ba komai. Amma ina ɗaure masa idon sawu, sau uku yana tambayata da wa za su kara. Da ya ga fuskata ta canja, sai ya riƙe hannuna yana roƙon in rufa masa asiri.

Kin san marigayi Baba ya hore ni kada in shiga tsakanin mutum da abincinsa. To in aka sake buga kan nan fa? Na faɗa wa likita, aka cire shi. Wakilan ba su ko tsaya ba. Wallahi ban sani ba, taimakonsa na yi ko zaluntarsa.

Ki shafa mini kan Haidar.

Mijinki,
Zailani

3 ga Disamba, 2018

Asama'u,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya.

Yau Lorcan ya zo asibiti yin sallama kafin jirginsu ya tashi. Na shirya shan zagi, sai kawai ya rungume ni. Ashe bai tuna komai na ranar ba, har roƙon da ya yi mini. Ya ce an gaya masa wani munafuki ne ya kai shi gaban likita, ya tambaye ni ko na san shi. Sai na kawar da zancen.

Mantuwar nan ai ta nuna daidai na yi, ko? To me ya sa na kasa haɗa ido da shi?

Ya ba ni rigar wasansa, wai an ce masa ni ne na zauna da shi har la'asar. Na karɓa, har da godiya. Ya bar mini lambarsa, kuma sau huɗu ke nan ina rubuta masa saƙo ina gogewa.

Don Allah ki tambayar mini Inna abin da ya kamata a yi, amma kada ki ce mata ni ne.

Naki har kullum,
Zailani