Faɗan Jarumai a Kan Dalma

Anka, Jihar Zamfara.

Zuwa ga yayana Abdulrashid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Khairat da yara. Allah ya ƙara maka buɗi a sana'ar rubutun alluna, ya tsare ka da hayaniyar Legas. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ciwon gwiwa, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta. Gero ya yi kyau bana, an fara yanka a gonakin kusa da gari, na nesa kuwa ka san halin da ake ciki, sai addu'a. Na rubuta maka da hannu ne don labarin ya fi ƙarfin saƙon murya. Ɗanladi direba zai taso da lodin shanu, shi na ba takardar tare da wasu zane-zane, amma don Allah kada ka duba su sai ka gama karanta wannan.

Yaya, ka tuna Dalma? Mugun nan da ka ƙirƙiro lokacin da kake koya wa Humaira da Jamilu zane a zaure, mai jiki kamar toka, wanda duk inda ya taka ƙasa sai ta zama guba? To, wallahi Dalmanka ya tayar da garin nan tsaye! Bayan tafiyarka yaran ba su ajiye fensir ba. Humaira, 'yar Kawu Barau da ke hannun Inna, ta kafa rundunar jarumanta, ta sa musu suna Garkuwa. Shugabarsu 'Yar Guguwa ce, wadda in ta kaɗa mayafinta sai iska ta tumɓuke bishiya, sai Maƙeri mai dunƙula wuta da hannu. Jamilu na Goggo Asabe kuma, can Gummi, ya kafa tasa, 'Ya'yan Gulbi, da Ɗan Kada mai tafiya a ƙarƙashin ruwa da wani makiyayi mai sandar da ke miƙewa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kowa na zana nasa labarin yana sawa a waya. Hafizu mai shagon fotokwafi ya ga yara na rububin kallo, ya fara bugawa a takarda, yanzu har ɗalibaina na firamare sai na ƙwace a ƙarƙashin benci. Ni ma fa in na ƙwace sai na karanta kafin in mayar.

Rigimar ta faro ne da farkon damina. Jamilu ya zana wani babi inda Dalma ya faɗa gulbi, Ɗan Kada ya cece shi, ya yi nadama, ya tuba, har 'Ya'yan Gulbi suka karɓe shi cikinsu. Bai shawarci kowa ba. Ranar da Humaira ta gani tuwon ma ba ta ci ba. Ta zauna ta zana martani: rundunar Garkuwa ta dira bakin gulbi, ta ce a miƙo mata Dalma ya amsa laifin yaran da gubarsa ta kashe a ƙauyen Tudun Zinariya. 'Ya'yan Gulbi suka ce wanda ya shigo inuwarsu da tuba ba mai taɓa shi. Sai faɗa! Yaya, sai ka ga shafin da guguwa ta haɗu da ambaliya, ruwa ya tashi sama kamar rumbu, Maƙeri na jifa da wuta, sandar makiyayi na kaɗe ta. Na san za ka yi ihu in ka gani. Daga nan abin ya zama ba-ni-in-ba-ka, ita ta fitar da babi, shi ya mayar mata, kowa na jibgar jaruman ɗan'uwansa.

Gari fa ya rabu biyu. 'Yan kabu-kabu na bakin tasha wasu sun liƙa hoton 'Yar Guguwa a tankin babur, wasu na Ɗan Kada. Muttaka mai shayi ya ce ya gaji da raba gardama a teburinsa, shayi na hucewa mutane na musu a kan mutumin da babu shi. Wani dattijo ma ya tare ni a hanyar makaranta, ya ce in faɗa wa yarinyar nan tuba tana shafe zunubi. Kafin in kai ƙofa wata mata ta ce in faɗa mata kada ta saki, haƙƙin rai ba a share shi da baki. Ana cikin haka sai ga saƙo daga masu shirya baje kolin fasahar matasa a Gusau, suna son a kawo labarin a littafi guda, da sunan su biyun. Murna a gidan nan ba a magana, Inna har da guɗa. Amma sharaɗin shi ne labarin ya zo da ƙarshe, su kuwa a lokacin ko gaisawa a waya sun daina.

Ni na san abin ba na takarda kaɗai ba ne, kai ma ka sani. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyensu Dareta, Kawu Barau na cikin waɗanda suka riƙa kawo dutsen zinariya gida ana daka shi a tsakar gida, ba su san ƙurar na kisa ba. A nan ƙanen Humaira, Usama, ya rasu yana ɗan tatata, ita kuma aka kawo ta Anka magani, ta zauna wurin Inna har yau. Tana gaida mahaifinta da ladabi, ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, amma gaisuwar ba ta wuce gaisuwa. Dareta kuwa kullum da uzurin da zai hana ta zuwa, sai dai Inna Lubabatu, mahaifiyarta, ta zo ta gan ta.

Bikin sunan jaririyar ɗan'uwanmu Ridwan a Nasarawa Burkullu shi ya haɗa mu duka, har da Jamilu da Kawu. Bayan azahar muna zaune a gindin tsamiya, na tilasta wa masu zanen biyu su baje takardunsu su sasanta. Ina! Jamilu ya ce a kashe maganar, Dalma bai san takunsa na kisa ba, kuma ya tuba, me ake nema kuma. Humaira ta miƙe tsaye, ta ce rashin saninsa bai tono ko yaro ɗaya daga kabari ba. Sai a lokacin suka lura Kawu na zaune a tabarmar bayansu, ya ji komai. Jamilu ya rasa inda zai sa kansa.

Kawu bai yi fushi ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani. Ka san ba ya karatun boko, hotunan ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, har ya yi dariya a wurin sandar makiyayi. Da ya kai shafin Tudun Zinariya sai ya tsaya. Ya ce shi ba zai ce a yafe wa wanga mutum ko a kashe shi ba, ba shi da bakin faɗin haka. Amma ya ga jarumai kowa da fuskarsa da sunansa, har mugun ma, yaran da ake faɗan dominsu kuwa 'yan tudun ƙasa kawai aka zana. Ya roƙi Humaira ta zana fuskar ko da yaro ɗaya ne. Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta tuna fuskar Usama, kuma ba shi da hoto. Kawu ya ce shi yana tunawa, kullum yana ganinta, in za ta riƙe fensir zai faɗa mata.

Yaya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ta zauna kusa da shi, gwiwa da gwiwa. Yana cewa goshin ya fi haka faɗi, tana gogewa. Yana cewa kunnen hagu ya ɗan lanƙwasa, in zai yi dariya hanci yake fara tattarewa, tana gyarawa. Tun tana amsawa da kai har ta fara tambayarsa da kanta, me yake so ya ci, wa ya fi bi a gidan. Ya ce ita, duk inda ta sa ƙafa yana riƙe da bakin zanenta. Jamilu ne ke feƙe musu fensir. Ana kiran la'asar Inna ta leƙo daga cikin gida, ta kalli takardar, ta dafe ƙirji ta kira sunan yaron, ba wanda ya faɗa mata ko wane ne. Duka muka yi kuka, amma wallahi irin kukan da ke sa mutum ya ji sakayau.

Ƙarshen labarin kuwa tare suka zana shi a daren sunan, kuma ya yi daɗi ƙwarai! Faɗan rundunonin ya fasa ramin da aka binne ƙasa mai guba, ruwa na shirin kwashe ta zuwa gari, ba mai iya taɓa ta sai Dalma. Garkuwa da 'Ya'yan Gulbi suka haɗu suka tare ruwan, shi ya kwashe ƙasar da hannunsa. Bayan nan ba a kashe shi ba, ba a kuma ɗaura masa rigar jarumta ba. Jaruman sun raka shi Tudun Zinariya, yana bi gida gida yana sallama, yana kiran sunan kowane yaro a gaban uwarsa. Wata ta yafe, wata ta rufe ƙofa. Jamilu ya tura wa masu baje kolin ta waya, sun karɓa, sun ce shi za a sa a gaba. Yaran sun ce lalle sunanka ya fito a bango tunda Dalma naka ne, don haka ka kira su ka ba da izini, ka kuma faɗa musu gaskiya a kan zanen hannaye, don har yanzu Jamilu yatsu na ba shi wuya.

Humaira ba ta nan da zan sa ta rubuta maka gaisuwa da hannunta. Washegarin suna ta hau bayan babur ɗin Kawu, ta rungume zanen Usama a cikin hijabi, suka wuce Dareta ta nuna wa mahaifiyarta. Ta ce kwana ɗaya za ta yi. Har yau ba ta dawo ba, kuma Inna ta hana kowa ya kira ta ya tambaya.

Inna na gaishe ka, tana sa maka albarka. Goggo Asabe da Ridwan da mai jego Sahura duk suna gaisuwa. Ka gaida Anti Khairat, ka shafa mini kan yara. Yanzu sai ka buɗe zanen, na saman shi ne Usama, a waya na ɗauka Hafizu ya buga mini. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Saudatu