Ƙwaron da Nake Kiwo a Garwa

Garwa, Kamaru

Zuwa ga iyalina Suwaibatu,

Yau shekara biyu ba wata ɗaya rabona da gida. Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, da Inna, da Abubakar Sadiq, da Amatullah da na sani a hoto kawai. Ya zaman Faskari gidan mutane? Allah Ya kawo mana ranar komawa Sabuwa lafiya.

Kin dame ni da tambayar wane aiki nake yi, tunda Almu ƙanenki ya ce miki ba ya faɗuwa. To ga shi: ƙwaro nake kiwo. Ƙwaron nan da na yi shekara da shekaru ina yaƙi da shi lokacin da nake fataucin fata a kasuwar Ƙanƙara, mai cinye kirgi da busasshen kifi, shi nake wa shimfiɗa yanzu.

Turawa suna zuwa farauta dajin nan da takardar gwamnati. In sun harbe ɓauna ko gwanki, nama bai dame su ba, ƙashin kai suke so da ƙahonsa, su rataye a bango. Dafa kan yana lalata shi, ƙasusuwan hanci su ruɓushe, haƙora su zube. Shi ya sa maigidana Alhaji Hamadu ya ajiye ƙwarin a tsohon firji. Ni ke feɗe kan, in rage nama, in shanya ya sha iska, sannan in ba su. Tsutsotsinsu ke bin lungu-lungu, su bar ƙashi fes kamar tangaran. Ba sa son sanyi, ba sa son laima, cinnaku kuma abokan gabarsu ne. Ko jinjiri bai kai su ƙa'ida ba. Wari kau, masallaci ma sai na yi wanka biyu nake shiga.

Alhaji ya yi mini alkawari: in na gama kawunan bana kafin Turawa su tashi, zai sallame ni in zo in yi shuka. Saura kan ɓauna guda. Ki ce wa Kawu Mamuda kada ya ba kowa aron gonata, bana da hannuna zan noma ta.

Almu yana gaishe ki. Yana da ƙoƙari, sai dai kunnensa na baya da hannunsa.

Naki,
Maharazu


Garwa

Suwaibatu,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya yaran? Ki karanta wagga takarda kafin ki zuba wa wanda ya kawo ta abinci, don shi ne labarin.

Ranar Juma'a na shanya kan ɓaunar na tafi masallaci, na bar Almu ya kore ƙuda. Da ya ga ƙudan sun fi ƙarfin mafici, sai ya tuna da garin maganin da muke barbaɗa wa wake a buhu. Ya saya da kuɗinsa, ya shafe kan tas har cikin hanci, ya kuma goge don kada in ga fari-fari in ce ya ɓata aiki. Na dawo na ɗauka na sa wa ƙwari. Da safe na buɗe firji, ba motsi. Wanda ya saba yana jin ƙarar cin su kamar yayyafi a kan kwano. Ranar shiru. Sun kwanta ƙafa sama, dubbai, abin da aka yi shekaru ana tarawa.

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma in za a yi gaskiya, wane manomi ne daga Tafoki har Sabuwa zai ga ƙuda a kan kaya bai nemi magani ba? Abin da ya gada ya yi. Kullum ina ce masa kada a kunna maganin sauro kusa da ɗakin, bai zo mini a rai in ambaci na wake ba.

Alhaji ma ban ga laifinsa ba, ko da yake raina ya so in gani. Dole ya dafa kan, hancin ya farfashe, Baturen ya zabge kuɗi. Bai zage mu ba, bai taɓa albashinmu ba. Cewa ya yi ba zai iya riƙe mutum biyu ba tunda babu ƙwari, kuma dole a sake tayar da su kafin farautar baɗi. Ni kaɗai na san hannunsu. Wata shida ko bakwai, in ji shi, in damina ba ta kawo musu laima ba.

Kin gani ke nan. Wanda ya yi ɓarna shi ya samu hanyar gida, zai ɗauki Amatullah ya ji nauyinta. Ni kuma ina bin runfunan masu busasshen kifi ina roƙon su bar ni in tsince musu ƙwaro, suna kallona kamar mai taɓin hankali.

Kada ki sa Almu gaba da gori, kukan da ya yi ya isa. A ba shi gonar ya noma, a raba amfanin biyu. Wake kau in ya zo, maganinsa ba wanda zai koya masa. Ki faɗa wa Abubakar Sadiq ban yi masa ƙarya ba da na ce ina tafe bana, ban dai iya cikawa ba.

Abin da na iya tsirarwa ga shi. Sefa dubu tamanin da biyar, na ba Almu sittin ya kawo miki. Atamfa turmi ɗaya, takalman yara ƙafa biyu, na Amatullah da ka na auna. Sai ƙwaro talatin da ɗaya a gwangwanin madara, huɗu ba su ci komai ba tun jiya.

Mijinki,
Maharazu