Bulon Kaka Harlan

Evansville, 6 ga Yuli

Zuwa ga Kakata Opal,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafa, ya zafin Tulsa? Mun iso gidan Gwaggo Darlene lafiya, tana gaishe ki.

Kaka, ban cika alkawari ba. Mun ratsa St. Louis da tsakar rana, na hango filin besbol ɗin, wasan nan na jifan ƙwallo a doke da sanda, ta tagar mota. Mama ta ce, "Russ, ga filin babanka can." Baba ya ce, "Na gan shi, ai ba makaho ba ne ni," ya ƙara wa rediyo murya ya taka mota. Na kasa ce masa ya tsaya. Kin san ni.

Amma ban manta ba. Kin ce da ake gina filin an sayar wa magoya baya bulon da za a shimfiɗa a bakin ƙofa, kowa da rubutun da yake so, marigayi Kaka Harlan ya sayi ɗaya, ya rasu bai je ya gani ba. Takardar da zan ɗora a kan bulon da fensirin da zan goga in kwafo miki rubutun suna cikin littafin da nake karantawa. Tun daga gida nake tunanin abin da ya rubuta miki. A littattafaina, mutumin da ba ya magana shi ne yake ɓoye kalamai mafi daɗi.

Ranar sha huɗu za mu sake bi ta St. Louis, ranar da zan cika sha shida. Dokar gidanmu kuwa, mai ranar haihuwa shi ke zaɓar inda za a tsaya. Da kantin littattafai na yi niyya. Na fasa.

Ki huta lafiya. Jikarki,
Corinne

Tulsa, 9 ga Yuli

Corinne, 'yar littafi,

Ina gaishe ki. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta, ba ta gudu ba.

Kalamai masu daɗi, in ji ki. Shekara hamsin na yi da kakanki, magana mafi daɗi da ya taɓa gaya min ita ce, "Opal, wainar nan ta yi." Kada ki sa rai da yawa.

Ki san abin da za ki tarar. Ubanki ya iya jifan ƙwallo tun yana ƙarami, har manyan makarantu suka zo nemansa. Yana shekara sha tara ya ajiye, ya ce shi gyaran mota yake so. Kakanki ya ce masa ya zubar da hannun da Allah ya ba shi. Daga ranar ba su ƙara zama kallon wasa tare ba, gaisuwa kawai, har aka binne tsohon. Kansu ɗaya ne, dutse.

Ubanki zai yi miki dabara. Ki tsaya a kan maganarki. Kuma kada ki bari ya zauna a mota kamar direban haya.

Allah ya kawo ku lafiya.
Kakarki Opal

St. Louis, 14 ga Yuli

Kakata,

Gaisuwa da fatan alheri. A masauki nake rubuto miki kafin mu fita cin abinci, hannuna duk baƙin fensir.

Da safe, muna karyawa, Baba ya ce, "To mai sha shida, ina za a kai ki? Na ji akwai wani kantin littattafai mai hawa uku. Ki cika bayan mota, ni zan ɗauka."

Na ce, "Filin besbol."

Ya ce, "Ke da ba ki iya bambanta sandar wasa da tsintsiya ba?"

Na ce, "Doka ce, Baba." Ban ɗago ido daga faranti ba, amma na faɗa, har sau biyu. Mama ta shaƙe da dariya a cikin kofinta.

Mun shiga zagayen gani da ido na filin da ƙarfe sha ɗaya, mu kusan talatin. Wata dattijuwa ce ke jagora, Malama Odessa, murya kamar lasifika. Ta kai mu ɗakin masu sharhin rediyo can sama, ta sauko da mu ramin da 'yan wasa ke zama. Ta ce, "Ku taɓa komai, amma wanda ya taka min ciyawa, da shi zan yi taki." Baba yana can baya, hannu a aljihu. Sau ɗaya na ga ya tsaya yana kallon tudun mai jifa, yana murza yatsun damansa. Da ya ga ina kallonsa sai ya duba agogo.

Ni kuwa ban ji rabin bayanin ba. Bulon nan dubbai ne, Kaka, sun zagaye filin, ba ki gaya min ba. Ba yadda zan yi sai in tambaya. Da aka gama Malama Odessa ta ce, "Akwai mai tambaya?" Na ɗaga hannu, mutum talatin suka juyo. Na yi magana, ta ce, "'Yata, ni ba mai karanta leɓe ba ce, ɗaga murya." Na ɗaga. Na ce kakana yana da bulo, Harlan Tackett, kuma ba zan bar garin nan ba sai na gan shi. Wani mai jar hula har da tafi. Na so ƙasa ta tsage.

Ta kai ni wani ofis aka duba sunan, aka rubuta min ƙofar da layin da bulon yake. Kafin in fito, Baba ya riga ya koma mota.

Na samu bulon. Na karanta shi a tsaye, na sake karantawa a durƙushe. Kaka, ba naki ba ne. Babu sunanki ko kaɗan. Sai da na ji haushi, ban ɓoye miki ba.

Sai na koma wurin mota na ƙwanƙwasa gilashi. Na ce, "Baba, iska tana kwashe min takarda, zo ka danne min." Ya ce in kira Mama. Na ce, "Kai nake so." Ya ce minti biyu ya ba ni.

Na riga shi isa, na rufe bulon da takardar. Ya durƙusa yana mitar gwiwa, ya dafe gefe biyu, yana kallon titi. Na fara gogawa. Haruffan suka riƙa fitowa fari a tsakanin hannuwansa, layi uku:

RUSS
ZO MU KALLI WASA
BABANKA

Ban san lokacin da ya sunkuyo ba. Na gama, na ce, "Shi ke nan, Baba." Bai ɗaga hannu ba. Mutane suna ta ratsa mu, wani yana sayar da gyaɗa a kanmu. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Tsohon nan. Ga waya a gida, da kira kawai ya yi." Ya naɗe takardar ya sa a aljihun rigarsa, ya miƙe, ya nufi tagar sayar da tikiti.

Akwai wasa gobe da rana, don haka sai jibi za ki gan mu. Tikiti huɗu ya saya, mu kuwa mu uku ne. Ba wanda ya tambaye shi.

Ki yafe min, ambulan ɗin nan babu takardarki. Na roƙe shi, ya yi kamar bai ji ba. Kuma ki yi haƙuri da abin da ke rubuce, na so a ce ke ya yi wa.

Taki har kullum,
Corinne

Tulsa, 16 ga Yuli

Corinne,

Sannu da aiki. Zan ajiye miki wannan a kan matashinki, don ba zan iya faɗa a gaban ubanki ba.

Na san abin da ke jikin bulon. Hannun kakanki yana rawa a lokacin, ni na cike masa takardar sayen bulon. Shekara biyu ina cewa ubanki ya je, yana ce min sai ya samu lokaci.

Ki bar masa takardar, tasa ce.

Allah ya yi miki albarka.
Kakarki Opal