Asalin Amaryar Misbahu

Gaithersburg, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yayana, Alhaji Maitama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da duk mutanen Tudun Wada. Yaya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau. Baban Radiyya yana gaishe ka.

Tunda ka ce saƙon murya iska ne, a rubuto maka, to ga shi na rubuto. Na ji bayaninka a kan ɗanka Misbahu da Lizzy, yarinyar da yake son aura. Kai ba ka kiran sunansa don ɗan fari ne, ni kuwa gwaggonsa ce, bakina ba nauyi. Na fahimci zancen addini ya wuce, tunda Malam ya ce maka auren Ahlul Kitabi halal ne. Saura abu ɗaya: ka ce gidanmu ba a shigo da mace sai an binciki asalinta, kuma ni ka ɗora wa aikin.

Yaya, bincike irin na gida ba ya yiwuwa a nan Amurka. A Zariya tsohuwa za a tura ta shiga unguwa kamar mai aron turmi, kafin la'asar ta dawo da labarin kakan kaka. Ni kuwa duk daɗewata a layin nan, maƙwabcina na dama ban san ko yana da mata ba. In na ƙwanƙwasa ƙofar mutane ina tambayar asalin 'yar wani, 'yan sanda za a kira mini. Saboda haka na tafi Annandale wurin uban yarinyar, Kenneth Farrell, tsohon ma'aikacin gidan waya, na faɗa masa abin da ya kawo ni ba ƙumbiya-ƙumbiya.

Na zaci zai ji haushi. Ina! Abin nema ya samu. Ashe tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai bin diddigin kakanninsa da suka zo daga Ireland, kuma 'ya'yansa da sun ga ya ɗauko kwalayen takardu sai kowa ya tuna yana da uzuri. Ya ce ni ce mutum ta farko da ta zo da ƙafarta ta tambaya. Shayi ya huce, bai gama kakan farko ba.

Sai dai ka san abin da ke ƙasa. Misbahu ya rantse ba zai ɗaura aure ba sai da albarkarka. Lizzy ta ce za ta jira zuwa ƙarshen shekara, bayan nan kowa ya kama gabansa. Ban ga laifinta ba, ta daɗe tana jira. Yaron ya rame, ko tuwon da yake zuwa ci ran Lahadi ya daina gamawa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Sadiyya

Gaithersburg, 20 ga Oktoba

Yaya Maitama,

Assalamu alaikum. Ina fata an yi girbi lafiya, kuma jikin Hajiya ya yi sauƙi. Nan sanyi ya fara leƙowa.

Ga abin da aka samu. Na bi Kenneth ranakun hutuna, mu hau jirgin ƙasa na Metro mu shiga cikin Washington. Mun je wani tsohon coci a arewa maso yammacin gari inda aka ɗaura wa kakannin kakansa aure. Wata mata ta fito mana da littafin, rubutun kamar kaza ta bi ta kan tawada, kuma da harshen Latin. Su a wurinsu limamin coci ke rubuta kowane aure da kowane baftisma: sunan ango, sunan amarya, iyayensu, shaidu, wani lokaci har ƙauyen da aka fito. Da wannan ake tsallakawa Ireland a nemi littafin cocin can, wanda yanzu an ɗora hotonsa a kwamfuta. Wahalar ita ce rabin mazan Patrick suke, rabin matan Bridget, kamar a ce ka nemo mini wani Muhammadu mijin Hauwa a Kano. Ga shi kuma gobarar yaƙi ta cinye musu takardun gwamnati da yawa, sai na coci suka rage.

Ta wajen uba mun haura har wani Patrick Farrell, manomin dankali a gonar haya, wanda yunwa ta koro ɗansa zuwa nan ya yi leburanci. Ɗan ko sunansa bai iya rubutawa ba, alama kawai ya yi a wurin sa hannu. Babu sarauta, babu malanta. Ban kuma ga ɓarawo ko mahaukaci ko kuturu ba, tunda su ne ka ce in duba.

Ta wajen Bridget kuwa, wadda ɗan ya aura a cocin nan, hanya ta ƙare. Daga gidan gajiyayyu aka sako ta a jirgi tana yarinya, ita kaɗai. A littafin aure, inda ake sa sunan ubanta, limamin ya bar wurin fari. Kenneth ya yi shekaru yana nema bai samu ba. Bai ɓoye mini ba, shi ya ɗora mini yatsa a wurin, har yana alfahari da ita, wai ita ta yi wankau ta raini 'ya'ya bakwai. Ni ma ban ɓoye maka ba, 'yar aike aka yi ni.

Wani abu kuma. Yana so ya zana bishiyar dangin biyu a takarda ɗaya, ya ba su kyautar aure. Ya roƙe ni sunayen namu. Na ba shi sunanka, da na Baba, da na Kaka Malam Barka, daga nan na tsaya cak, na ji kunya. Ka turo mini sunan mahaifin Kaka da garinsu.

Ka huta lafiya.

Sadiyya

Gaithersburg, 16 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya.

Amsarka ta iso. Ka ce magana ta ƙare: wadda ba a san uban kakarta ba ba ta da asali, ba za ka sa albarka ba. Na karanta sau biyu ko zan ga sunan da na tambaye ka, ban gani ba.

Da na ga haka sai na kira Gwaggo Tayyiba, tunda a 'ya'yan Kaka ita kaɗai ta rage. Da farko ta yi ta kewaye-kewaye, tana tambayar ko ana samun daddawa a Amurka. Da na matsa sai ta sallami jikokin da ke ɗakin, ta faɗa mini. Kaka ba haifaffen Zariya ba ne. Kamo shi aka yi daga wani ƙauye a kudu, yana yaro ƙarami ko kaciya ba a yi masa ba, aka sayar da shi a kasuwa kafin zuwan Turawa. Maigidan da ya saye shi ne ya sa masa Barka, ya sa shi a makarantar allo, daga baya ya 'yanta shi. Bai san sunan ubansa ba. Abin da ya riƙe kawai dutse a bayan gida, da rafi, da wata mata mai goyo tana ihu. Tsagen fuskarsa ma ba na Zazzagawa ba ne, kuma ba wanda ya taɓa gane na ina ne. Ta ce duk rani yakan shiga kudu da sunan fatauci, yana nuna fuskarsa ga tsofaffi, ya dawo ba labari.

Ta kuma ce ka sani. Ta ce ran da Baba ya faɗa maka, bayan rasuwar Kaka, tana zaune a wurin.

Ban yi kuka ba, ban kuma ji na ragu da komai ba. Na dai zauna a mota a bakin kantin maganin da nake aiki, har abokiyar aikina ta fito ta ƙwanƙwasa gilashi. Abin da na ji shi ne haushi, kuma naka ne. Ka sa ni hawa jirgi da sauka da wannan gwiwar tawa, ina leƙen littattafan mutane, alhali ka san abin da ke cikin namu ɗakin. Kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta, Yaya.

Ban faɗa wa Misbahu ba tukuna, ban faɗa wa Kenneth ba. Amma in yarinyar nan ta tafi saboda wannan hujjar, yaron zai tambaye ni dalili, kuma wallahi ba zan yi masa ƙarya ba. Disamba ta kusa. Kai ne babba, shawara taka ce.

Ƙanwarka,
Sadiyya

Gaithersburg, 7 ga Disamba

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Na ji an ce ka kwana biyu ba ka fita masallaci ba, Allah ya ƙara sauƙi.

Misbahu ya zo mini ran Juma'a, ya ce ka kira shi da kanka, ka sa albarka, ka kuma ba shi labarin Kaka da bakinka. Ya ce bai taɓa jin ka yi masa magana mai tsawo haka ba. Allah ya saka da alheri. An sa ɗaurin aure Asabar ta biyu a Janairu, Baban Radiyya zai yi masa wakilci kamar yadda ka umarta. Lizzy ta ce a gaishe ka, tana koyon durƙuso, abin dai sai a hankali.

Sai maganar da ka rubuto a ƙasan takardarka, wadda ka ce ta tsaya tsakaninmu. Ka ce tunda Baturen nan ya iya gano mutanen da suka mutu tuntuni a wata ƙasa, ko zai duba mana garin Kaka, ko da sunan ƙauyen ne kawai, kana so ka je kafin ƙafar ta hana ka.

Na kai masa maganar, da hoton Kaka guda ɗayan nan na zaure. Bai yi wasa da ita ba. Ya kai ni babban ɗakin karatu na cikin gari, aka fito mana da littattafan da Turawan mulki suka rubuta a kan ƙabilun ƙasarmu, har da zanen tsage iri-iri. Muka yi ta gwadawa da hoton. Hoton ya dushe, kuma tsagen ya yi kama da na wurare da yawa, bai zama na ko'ina ba. Ya rubuta wa wata malamar jami'a, ta amsa da ladabi, amsar dai ɗaya ce. Ya ce ko Bridget ɗinsu, mai jirgi ya rubuta ta, limami ya rubuta ta. Kaka kuwa ba wanda ya rubuta ranar da aka ɗauke shi, ko inda aka ɗauko shi, ko sunan da uwarsa take kiransa.

Na so in rubuto maka cewa ana kan nema, don ka ji sanyi. Amma kai ka ce a rubuto maka gaskiya. Babu inda za a duba, Yaya.

Ka gaida Hajiya da Gwaggo Tayyiba. Allah ya jiƙan Kaka, ya jiƙan iyayensa ko su wane ne.

Ƙanwarka,
Sadiyya